Tayoyin Lindsay da Ba Sa Durƙusawa

A garin Tarnbilly babu wanda ya taɓa gaya wa Lindsay Pengilly cewa bai san mota ba, domin Lindsay ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Shi ne mijin Glenys, yayata. Shekara talatin da huɗu ya yi a ma'aunin rumbun alkama, yana zaune cikin 'yar rumfa yana rubuta nauyin motocin da wasu suka tuƙo, kuma daga can ya taso da imani guda wanda har yau bai sake shi ba, wato abin da aka buga a takarda ba ya ƙarya. Ni kuwa sunana Merle, ni ce mai shagon taya a garin, na gaje shi daga babanmu. Abin da na sani shi ne takarda ba ta taɓa bin hanyar Wooleroo ba.

Da ya yi ritaya sai ya je Adelaide ya sayo wata doguwar motar Jamus ta hannu, baƙa wuluk, ya roƙi ƙungiyar matan gari ta ba shi aikin direba. Aikin sa kai ne. Duk ranar Alhamis yakan kwashi matan da ke da abin yi a Wooleroo, asibiti ko cefane ko gyaran gashi, kilomita ɗari da talatin zuwa, ɗari da talatin dawowa, rabin hanyar burji ne. Har hula ya saya saboda aikin. Ina yi masa tsiya kamar yadda ƙanwar mata ta saba, amma gaskiya ɗaya ce: tun da ya bar rumfar nan, Alhamis ce kaɗai ranar da wani ke tsayuwa a bakin ƙofa yana jiransa.

Babban abin alfaharinsa kangaru ne, dabbar dajin nan mai tsalle da ke faɗo wa motoci a hanya. A hanyar Wooleroo babu motar da ba ta da tabon kangaru a goshi, har motar fasto, amma Lindsay ya shekara biyu ko jela bai taɓa ba. In aka tambaye shi sirrin sai ya gyara hula ya ce, “Dabba ta san gwani.” Akwai wasu 'yan usur na roba da mutanenmu ke mannawa a bamba, wai in iska ta bi ta cikinsu suna korar kangaru. Lindsay ya sha tsayawa a gidan shan giya yana cewa kayan wasan matsorata ne, shi da ya sa su gara ya koma hawan keke.

Ana nan sai motarsa ta fara kuka. Da ta wuce gudun sittin sai wani sauti ya tashi, siriri, mai shiga haƙori, kamar butar shayi da aka manta a wuta. In ya bi ta bakin gari karnuka sai su ɗauka, gida bayan gida, har mutane suka daina duba agogo ranar Alhamis. Gwaggo Thelma, mai shekara tamanin da takwas, wadda rabonta da jin ƙararrawar coci tun mijinta yana raye, ita ma ta ce abin ya dame ta, na'urar kunnenta har amsawa take yi.

Matan suka kai ƙara gaban shugabarsu, Noelene Haase, wadda ta yi shekara ashirin tana hedimastar firamare kuma har yanzu kallon ɗalibi take yi wa kowa. Aka kira Lindsay zauren taro.

Noelene ta ce, “Lindsay, ba don asibiti kawai muke zuwa Wooleroo ba. Hira muke yi a hanya. Makon jiya sai da muka dawo gida na san cewa 'yar gidan Schubert ta bar mijinta, kuma ashe an faɗa mini tun muna tafiya.”

“Sau biyu na faɗa,” in ji Gwaggo Thelma.

Suka yanke hukunci nan take. Saura mako uku bikin baje kolin Wooleroo. Ranar, Lindsay zai kai su cikin shiru, kuma kek ɗin Glenys ya hau teburin alƙalai kafin ƙarfe goma. Shekara goma sha ɗaya yayata tana zuwa ta biyu a gasar kek, kuma bana ta ce ko ta ci ko ta daina. In ɗaya daga cikin biyun nan ya gagara, Alhamis ta koma hannun Clarrie Nitschke, wani makiyayin tumaki mai tsohuwar bas ɗin makaranta, wanda karyarsa Biddy ke zama a kujerar gaba.

Lindsay ya miƙe ya sa hula. Ya ce, “Ku ba ni kwana goma. Motar nan za ta yi shirun da za ku riƙa jin tunanin juna.”

Noelene ta ce, “Kada ta kai can. Magana ta ishe mu.”

Washegari sai ga shi a shagona da tarin takardu da ya bugo daga kwamfutar ɗakin karatu.

“Ƙanwata, na gano cutar. Tayoyi ne.”

“Sannu da bincike, likita.”

Tayoyin motar irin masu kaurin gefe ne da ake kira ranfilat, waɗanda ko sun sace ba sa durƙusawa, sai su ci gaba da tafiya a haka. Saboda haka ma masu ƙera motar ba su yi mata wurin safaya ba, but ɗin kuwa keken dogarawar Gwaggo Thelma da kwandunan cefane sun cinye shi. Gaskiya ne irin tayar nan tana da ƙara fiye da ta gama-gari, wannan ban musa masa ba. Amma na karɓi makulli na zaga da motar har bayan rumbun alkama na dawo.

Na ce, “Direba, wannan ba kukan taya ba ne. Taya gurnani take yi daga ƙasa. Wannan fito ne, kuma daga gaba yake fitowa. Matsa in leƙa.”

Kafin in sunkuya ya riga ya sha gabana ya ware hannuwa. “Gaban mota ba huruminki ba ne. Ke mai faci ce, tsaya a ƙafafu.”

“To ji shawarar mai faci. Ina da tayoyi huɗu na gama-gari a baya, masu laushi, sun san burji. Ka sa su, ka nemi ƙaramar safaya.”

“In sa ta ina? A kan Gwaggo?”

Ya baje mini takarda a kan teburi. An fito da sabon samfurin ranfilat mai soso manne a ciki, wai soson yana shanye ƙara. Har da zane, layi ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ya ce na ƙasan shi ne nasa.

Na ce, “Daga nan har kilomita ɗari huɗu babu shagon da ke ajiye irinta. In ta fashe, mako guda za ka yi kana kallon motar.”

“Ba ta fashewa.”

“Tana fashewa. Durƙusawa ce ba ta yi.”

“To me ya rage? Karanta nan. Kilomita tamanin take yi babu iska ko kaɗan.”

“Wooleroo ɗari da talatin ne.”

Ya kalli rufin shagon yana motsa leɓe, sannan ya ce, “Ai sai ta bari mu wuce hamsin.”

Na ɗauki waya na yi masa oda. Babanmu yakan ce in mutum ya zo sayen igiya kada ka tambaye shi abin da zai ɗaure.

Kwana takwas tayoyin suka yi a hanya. Ranar da na ɗaura su, tun daga ƙafar farko har ta huɗu Lindsay yana tsaye jingine da gaban motar kamar mai gadin banki. Ko shayi da na miƙa masa, a nan ya sha.

Alhamis ta zo, aka yi gwaji. Ban je ba, amma tun ina shago na ji karnukan bakin gari sun ɗauka daidai lokacin da suka saba. Da yamma Noelene ta tsayar da motar a ƙofar shagona, ta sauke gilashi.

“Merle, sababbin kika sa ko tsofaffin kika wanke?”

Lindsay ya leƙo ta kanta. “Ƙarar ta ragu da kashi talatin cikin ɗari. Kunnen mutum ne ba ya iya aunawa.”

“To da me za mu ji raguwar?”

“Taya sai ta saba da hanya, Noelene. Kamar sabon takalmi ne.”

Gwaggo Thelma ta ce daga baya, “Ɗan nan, ni takalmina bai taɓa tara mini karnuka ba.”

Yayata kuwa tana zaune a baya tana kallon hanya. Glenys mace ce da ke tara magana kamar yadda ake tara ruwan sama a tanki, ba ka sanin ya cika sai ranar da ya yi ambaliya.

Daga nan Lindsay ya shiga abin da ya kira gyaran ƙarshe. Ya karanta a wata takarda cewa taya mai tauri ta fi ƙara, sai ya rage wa kowacce iska. Nan da nan wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, wadda aikinta ke nan, ta gaya wa direba iska ta ragu, tunda irin tayar nan ido ba ya gane ta sace. Lindsay ya ce fitilar ma ta shiga ƙungiyar mata. Ya yanko baƙin salatif ya rufe mata baki.

Ƙara tana nan. Sai ya tafi rumfar sausayar tumaki ta gidan Schubert ya ɗebo buhu biyu na ragowar ulu, ya cusa a ramukan da ke saman tayoyin, ya ɗaure da wayar shinge. Motar ta koma warin tsohon rago. Karnukan da a da haushi kawai suke yi daga cikin gida, yanzu suka fara fitowa rakiya.

Ana gobe biki ya bi gida-gida yana raba audugar toshe kunne, kowace mace da nata a 'yar ambulan, da sunanta a rubuce. Noelene ta karɓa, ta juya ambulan ɗin, ta mayar masa.

“Mun ce muna son mu ji juna, ka kawo mana abin da zai hana mu jin kowa.”

“Amma ƙarar za ta tafi.”

“Lindsay, gobe ƙarfe bakwai da rabi.”

Na rufe shago ranar, na ce da ni za a je, don ba na son a ba ni labari. Ba mu tashi ba sai takwas saura minti goma, saboda Lindsay ya tsaya goge fitilu da yi mana bayanin soso. Kafin nan duk garin ya riga ya wuce. Noelene tana gaba. A baya ni ce, da Gwaggo Thelma a tsakiya, da Glenys rungume da kek a cinya, hawa biyu, da farin kirim a tsakani, a cikin gwangwanin da mahaifiyarmu ta bari.

Muna wuce sittin butar shayi ta tafasa.

Lindsay ya ɗaga murya, “Kun ji bambanci?”

Noelene ta ce, “Me ka ce?”

“Na ce kun ji yadda ta yi shiru?”

“Ba na jin ka, motar tana kuka!”

Mun yi nisa a kan burji sai na ji gindin motar yana ɗan lilo ta ɓangarena. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ƙuguna ya fi fitilar Jamus sanin taya. Na miƙa hannu ta kafaɗar Lindsay na ɓare salatif ɗin. Fitila tana ci.

Ya ce, “Ai tun makon jiya take ci.”

“Shi ya sa ba ta da amfani yanzu. Tsaya.”

“Merle, lokaci...”

“Ka tsaya ko in buɗe ƙofa.”

Ya tsaya. Tayar baya ta hagu tana tsaye ƙyam kamar babu abin da ya same ta, sai da na taɓa na janye hannu don zafi. Guntun waya ya shige ta har wuya. Na zaro shi na nuna masa. Wayar shinge ce, irin wadda ya ɗaure ulu da ita.

Ya duba ya ce, “Wayar shinge ai duk ƙasar nan akwai ta.”

“Da ulu a jikinta?”

“Tumaki ma akwai su.”

Na ce, “Tun yaushe muke tafiya babu iska?”

Babu wanda ya sani, tunda wadda za ta faɗa an rufe mata baki. Wayar hannu ba ta kamawa a wurin. Babu mota a gaba, babu a baya, sai hankaki biyu a kan shinge suna kallonmu. Alamar hanya ta ce saura kilomita saba'in.

Fuskar Lindsay ta washe. “Saba'in! Takarda ta ce tamanin. Har da canjin goma.”

“Tamanin ɗin a kwaltar Jamus ne, da siririn mutum ɗaya a ciki. Mu biyar ne, da keken Gwaggo, a kan gargada, kuma ba mu san nawa ta riga ta ci ba.”

“Takarda ba ta ce ban da Gwaggo ba.”

Glenys ta duba agogo, ta duba gwangwani, ta ce, “Ku shiga mota.” Muka shiga.

Tayar nan ta yi ƙoƙari, ba zan ci amanarta ba. Ta kai mu ƙarshen burji, ta hau kwalta, ta yi ta tafiya tana wari. Lindsay yana ta yi mana lissafi da ƙarfi, saura arba'in, saura talatin, yana waiwayowa yana kallona. Sau biyu na sa shi ya tsaya ta huce, sau biyu ya ce don mu miƙe ƙafa ne ya tsaya. Da ya rage kilomita goma sha biyu, ƙarfe goma saura minti ashirin, sai gefenta ya yage. Robar ta fara dukan jikin mota, fat, fat, fat, ta kamo ulun da ke sama ta fara jan sa waje. Na waiwaya na ga farin ulu yana tashi a bayanmu dunƙule-dunƙule.

Noelene ta ce, “Wannan kuma fa?”

Lindsay ya ce, “Soson ne yake aiki.”

Motar ta karkace hagu, muka karkace tare da ita. Gwaggo Thelma ta kwanto a kaina, Glenys ta kwanto a kan Gwaggo, ta ɗaga gwangwanin sama da hannu biyu tana bin kowace girgiza. Lindsay ya ga agogo, ya manta da duk abin da takarda ta ce game da gudu, ya taka totur. Ga iskar arewa ta taso tana dukan mu a goshi. Fiton ya hau wani matakin da ban taɓa jin ya hau ba, har da rassa.

Hanyar shiga filin baje koli tana bin gefen shingen babban fili ne, kuma a daidai wannan lokaci ake gasar karnukan kiwo. Kowa ya san ƙa'idar gasar nan: ko tari ba a yi. Makiyayi yana tsaye wuri guda, karensa yana can nesa da tumaki uku, babu abin da ke tsakaninsu sai fito. Mutum ɗari uku sun jingina da shinge sun yi tsit. A tsakiyar fili Clarrie Nitschke ne, hannunsa a kan ƙyauren garke, tumaki biyu sun shiga, ta ukun ta sa ƙafa ɗaya. Shekara shida yana neman kofin nan.

Sai ga mu.

Biddy karya ce mai biyayya, wannan ne ya cuce ta. Ta ji fiton motarmu kamar umarni daga bakin shinge, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta yi dama, ta yi hagu, ta kwanta, ta tashi, ta kalli Clarrie ta ga bakinsa a rufe. Sai ta yanke shawarar bin mai babbar murya. Ta shiga garken ta fito da biyun da suka shiga, ta haɗa su da ta ukun, ta koro su a guje ta ƙofar shingen da aka bar wa motar asibiti, ta biyo mu. Karnukan da ke ɗaure a bayan motoci suna jiran layinsu duk suka ɗauka gaba ɗaya.

Mai sanarwa ya ce ta lasifika, a hankali kamar yadda ya saba, “Jama'a, da alama baƙar motar nan ta taka tunkiya. Ko biyu.”

Lindsay ya ja birki a ƙofar rumfar kek, ƙarfen ƙafar baya ya tona ƙasa, muka tsaya. Ya kashe inji. Biddy ta jera tumakinta uku a jikin ƙofar direba, tsaf, yadda ko alƙali ba zai rage mata maki ba, sannan ta zagaya gaban motar ta kwanta, ta kafa ido a ramin da ke ƙasan bamba tana jiran umarni na gaba.

Glenys ta buɗe ƙofa, ta ratsa jama'a da gwangwaninta, ta shige rumfa. Saura minti biyu.

Lindsay ya sauke gilashi, wata tunkiya ta leƙo. Ya cire hula ya ɗaga wa jama'a. Ya ce, “Kilomita saba'in babu iska! Kuma kafin goma. Wa ke da tayar da za ta yi haka?”

Amma kowa wani abu yake saurare. Iskar arewa tana kaɗawa, kuma motar, a tsaye, inji a kashe, tana fito a hankali.

Noelene ta ce, “Lindsay.”

“Na'am.”

“Tayoyin suna juyawa?”

“A'a.”

“To me ke kuka?”

Kafin ya samo takardar da za ta amsa wannan, Clarrie ya iso. Mutum ne da ba ya gaggawa, ko ransa ya ɓaci. Ya kalli karyarsa, ya bi inda take kallo, ya durƙusa ya zura hannu a ƙasan bamba. Lindsay ya so ya fito ya tare, tumaki suka hana ƙofa buɗuwa. Clarrie ya ɓanɓaro wani ɗan abu ya ɗaga sama. Usur ɗin korar kangaru ne, an shafe shi da baƙin fenti.

Ya ce, “Ɗaya.” Ya ajiye a kan murfin inji, ya sake zura hannu. “Biyu.”

Daga na biyar jama'a suka kama masa ƙirga. Daga na tara mai sanarwa ya shiga ta lasifika. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai da aka jera goma sha huɗu. Da aka cire na ƙarshe motar ta yi shirun da Lindsay ya yi mana alkawari tun mako uku da suka wuce.

Wani daga cikin 'yan gidan giya ya ce, “Ashe dabba ta san gwani.”

Lindsay ya ce, “Kwalin ya ce kunnen mutum ba ya jin su.”

Na ce, “Kwalin ya ce guda nawa za a sa?”

“Biyu.”

“Ka sa sha huɗu.”

“Hanyar tana da tsawo, Merle.”

Clarrie ya kakkaɓe gwiwa, ya yi wa Biddy fito ɗaya, ta tashi ta kwashi tumakinta suka koma. Bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, “Lindsay, baɗi in za ka shiga gasar, ka yi rajista.”

Kek ɗin ya hau teburi a kan lokaci, sai dai hawan sama ya zame ya karkata hagu, daidai yadda motar ta karkata. Bana bai zo na biyu ba, bai zo na komai ba. Alƙaliyar ta rubuta a katinsa: “Ɗanɗano ya yi. Da alama ya sha hanya.” Glenys ta karanta, ta ninke katin ta sa a jaka. A bas ɗin Clarrie muka koma gida, Biddy a kujerar gaba, Lindsay a ta ƙarshe da hularsa a cinya. Na waiwaya sau ɗaya na gan shi yana shafa bakin hular da babban yatsa, sai na ji tsiyar da na tanadar masa ta ƙi fitowa. Tausayinsa na ji, kuma ban ji daɗin jin haka ba.

Ranar Litinin aka yi taro. Noelene ta karanta sharuɗɗan biyu, ta ce ɗaya ya cika da kyar, ɗaya kuwa har Adelaide an ji yadda ya ƙare. Ta buɗe baki za ta ambaci Clarrie, sai tankin yayata ya cika.

Glenys ta ce, “Motar nan rabi tawa ce. Lasisina ya girmi nasa da shekara uku, kuma ban taɓa rufe wa fitila baki ba. Bas ɗin Clarrie warin tumaki take yi. Ni zan tuƙa.”

Gwaggo Thelma ta ce, “Taku ma yanzu warin take yi.”

“Za a wanke, Gwaggo. Na san wanda zai wanke.”

Aka ɗaga hannu, babu wanda ya ƙi. Na je na jawo motar, na cire ranfilat uku da gawar ta huɗun, na sa mata tayoyin gama-gari da suke bayan shagona tun farko, na haɗa da ƙaramar safaya. Sai aka dawo kan tsohuwar tambaya, ina za a sa ta, tunda keken Gwaggo ba zai bar but ba. Glenys ta ce kada in damu, ta riga ta yi mata wuri.

Yanzu duk Alhamis ƙarfe takwas suna wucewa ta gaban shagona. Glenys a sitiyari, Noelene a gefenta, Gwaggo Thelma a baya, kusa da ita Lindsay da hularsa, an ɗaure shi da bel shi da safayar da ke cinyarsa. Karnuka ko ɗaga kai ba sa yi. Ya gaya wa 'yan gidan giya cewa ƙarin girma aka yi masa, tuƙi kowa ya iya, amma lafiyar tafiyar gaba ɗaya a hannunsa take. Ya kuma samo takarda a kan safaya, yana yi musu bayaninta daga Tarnbilly har Wooleroo, ya ɗora daga inda ya tsaya a dawowa.

A taron wata mai zuwa Noelene ta tambaya ko maganar ƙarar mota ta ƙare, a rufe ta. Gwaggo Thelma ta ɗaga hannu.

Ta ce, “Kada a rufe tukuna. Clarrie ya cire sha huɗu, saura guda ɗaya. A gefena yake zama.”